Tuffar da Na Shuka a Tandabawi

Shuka tuffa a Makka wahala ce. Na yi dako, na yi tsintar auduga a Sudan, na yi ga-ruwa har kafaɗata ta yi kanta, amma babu aikin da ya cinye ni kamar bishiyar nan guda ɗaya. Wanda ya ce zai gwada ba zan hana shi ba, ba kuma zan taya shi ba.

A shekarun da ake ta rushe gidaje ana faɗaɗa Harami, muna zaune a unguwar Tandabawi, a jikin dutse, ni da matata. Yayanta ne ya riga mu zuwa. Shi ya karɓe mu da muka ƙetaro daga Sudan, shi ya nuna mini inda zan kafa ɗaki a gefen nasa. Ɗakin na langa-langa ne da katakon akwati. Tsakaninsa da katangar Yaya akwai ɗan fili, bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Ba a taɓa cewa na wane ne ba. A lokacin babu mai tambaya, dutse ne kowa ya kama inda ya samu.

Matata tana da fuka. In zafi ya taso, langa-langa ya ɗauki wuta, ba ta iya numfashi a cikin ɗaki. Ta ɗan filin nan kaɗai iska ke bi, ta gangaro daga saman dutse ta shiga 'yar tagarmu. A nan take girki, a nan take yini, a nan take kwana fiye da rabin shekara. In aka toshe wurin, to an toshe mata ƙirji. Wannan kowa a gidan ya sani.

Sana'ata ɗaukar ruwa. Gwangwanin kananzir biyu a rataye jikin sanda, sanda a kafaɗa, daga bazan, wato famfon unguwa, zuwa gidajen mutane. A cikin gidajen da nake kai wa akwai na wani ɗan kasuwa Balarabe. Wata shekara matata ta kwanta zazzaɓi, ba ta cin komai, ko koko sai ta dawo da shi. Uwargidan ɗan kasuwar ta ji labari, ta miƙo mini tuffa biyu ta bayan ƙofa, jajaye manya, irin waɗanda ake kawowa daga Sham cikin akwati kowace a naɗe da takarda. Su ne matata ta ci suka zauna mata a ciki. Da ta warke sai ta nuna mini 'ya'yan cikin tuffar, ta ƙulle su a bakin zane.

“Malam, ka shuka mana,” in ji ta.

Na ce, “A ina? A kan dutse?”

“Kai da ka ce kai manomi ne a gida.”

Na shuka a gwangwani. Biyu suka tsiro, suka yi kamar tsawon yatsa, zafi ya zo ya ƙone su ƙurmus. Na ɗauka magana ta ƙare, ita ma ba ta sake tayarwa ba.

Da bazara masu hali na Makka Ɗa'ifa suke gudu, can saman duwatsu inda ake shan iska. Wata shekara ɗan kasuwar nan ya tafi da ni don in riƙa yi musu ɗiban ruwa da share-share. Kusa da gidan da suka kama akwai lambun wani tsoho, da rumman da inabi da ɓaure, can ƙarshe kuma bishiyoyin tuffa. Ranar na fara ganin tuffa a jikin uwarta. Da na ɗauka babbar bishiya ce kamar mangwaro, ashe ba ta kai ba. In na gama aikina nakan je in taya tsohon jan ruwa daga rijiya, ba don ya biya ni ba, don dai in tsaya a inuwa.

Iri uku gare shi. Akwai ja babba, 'yar uwar wadda matata ta ci. Akwai koriya mai tsami wadda ya ce tana daɗewa a ajiye ba ta lalace ba. Sai wata ƙarama, fara-fara, ba ta da kyan gani, wadda yake kira sukkari, ta ƙasarsu ce tun kakanni. Na gaya masa abin da ya faru da 'ya'yan da na shuka. Ya ce ko da sun rayu ba abin da na ci zan samu ba, tuffa ba ta gadon uwarta ta ƙwaya, sai an yi mata aure, an ɗauko reshen mai kyau an ɗaura a gindin wata. Wannan na gane, haka ake yi wa mangwaro.

Na nuna jar. Na ce ita nake so.

Ya dube ni. “A ina za ka kafa ta, ya Hajji?”

“A Makka.”

Ya yi dariya har sai da ya dafa bishiyar. Ya ce jar nan ko a lambunsa shagwaɓa take yi masa, sai shekarar da sanyi ya yi tsanani take haihuwar kirki. Ya ce a Makka dukkansu ukun mutuwa za su yi, amma in taurin kai ne ya kawo ni, in ɗauki ƙaramar, ita ce mai haƙuri, sanyi kaɗan ya ishe ta. Ya tsinko ɗaya ya ba ni. Na gatsa. Laushi gare ta, da zaƙi, ba ta da ƙamshin jar, amma mai ciwon haƙori ma zai iya ci, kuma haƙoran matata sun fara ba ta wahala. Na tsaya ina kallon jar dai. Ya ce, “Ci za ka yi ko kallo?” Na ce ci. Ya ce to an gama.

Bai ba ni a lokacin ba. Ya ce ba a tayar da bishiya tana farke, in dawo da sanyi in ta yi barci. Ya ce tuffa sai ta zubar da ganyenta duka ta kwanta, sannan ta tashi da fure, kuma matsalar Makka ke nan, garin da ba ya barin komai ya yi barci. Na ji shi sarai. Na ɗauke ta maganar tsofaffi.

Da sanyi ya shigo na hau motar kaya na koma. Abin da ya ba ni sanda ce, tsawon hannu, babu ganye ko ɗaya, sai saiwa a ƙasa da ƙullin aure a tsakiya. Na naɗe ta a jiƙaƙƙen buhu, na cika wani buhun da ƙasar lambunsa, na sauko da su a cinya.

Haƙa ramin ya fi tafiyar wuya. Ƙasar filin ba ta kai tafin hannu ba, sai dutse. Na ari ƙarfen fasa dutse, kullum in na dawo daga bazan in ɗan taɓa, har ramin ya kai mini gwiwa. Na zuba ƙasar Ɗa'ifa, na gauraya da busasshen kashin awaki, na kafa ta. Yaya ya leƙo ta kan katanga, yana goge hannu, don shi tsire yake yi a bakin hanya.

“Wannan fa? Turken akuya?”

“Tuffa ce, Yaya.”

“Tuffa.” Ya juya wajen ƙanwarsa. “Ke, mijinki rana ta taɓa shi. Ki riƙa sa masa hula.”

Bishiyar ba ta daɗe ba ta fitar da ganye. Daga nan aikin ya fara. Kullum sai na ƙara kaya ɗaya na ruwa wanda babu mai biyana, in hau da shi dutse bayan na gama na mutane. Na yi mata rumfa da tabarmar kaba ta ɓangaren yamma don ranar la'asar. Na buɗe gwangwanaye na kewaye ta saboda awakin unguwa, waɗanda ko takarda suka samu ci suke yi. Ruwan wanki ba ya zuwa kusa da ita saboda sabulu, amma alwala, ni da matata, a gindinta muke yi. In iskar zafi ta kaɗa, gefen ganyen ya ƙone ya yi ja kamar an gasa, sai in jiƙa buhu in rataya. In na ga ganye ɗaya ya faɗi sai in ƙara ruwa. Ko da sanyi ya zo ban bar ta ta zubar ba, a ganina ganye shi ne rai.

Shekara ta zagayo, wata ta biyo, wata ta sake biyowa. Bishiyar ta fi ni tsawo. Rassa dogaye, sirara, tsofaffin ganye a maƙale, sababbi 'yan tsiraru a can ƙarshe. Fure kuwa ko ɗaya. Matata ta samu 'yar inuwa a kan murhunta, ta daina tambayar 'ya'yan tuffa. Ni ma na daina sa rai, na ci gaba da ba ta ruwa don na riga na saba.

Sai babban ɗan Yaya ya isa aure. Yaya ya zo da yamma ya zauna a kan tabarmar filin, ya sha shayi, sannan ya buga tafin hannunsa a ƙasa.

“Nan zan yi wa yaron nan ɗaki.”

Matata ta ajiye ludayi. “Yaya, nan fa nake shan iska.”

“Za a bar miki taga ta gaba.”

“Gaba lungu ne, ba abin da ke shigowa sai hayaƙin tsirenka.”

“Hayaƙin da ya ciyar da ku da kuka zo,” in ji shi. Gaskiya ya faɗa.

Ba mugu ba ne. Gidansa ya cika, 'ya'ya har a soro suke kwana. Wurin da ya rage masa sai bayan gidansa ta sama, inda sai an fasa dutse kafin a samu inda za a ɗora tubali. Nan kuwa a shimfiɗe yake, katanga biyu ma a tsaye, rufi kawai da bango biyu za a ƙara. In ni ne shi, nan zan duba.

Abin da ya tsaya masa bishiyar ce. Makka ƙasar Harami ce, ba a sare ɗanyen itace a cikinta, wannan ko wanda ya sauka jiya ya sani. Mutanenmu kuwa sun fi kowa tsoron abin, ko ciyawa mutum ya taka sai ya waiwaya. Yaya ya je ya tambayi wani malami, ya dawo ya ce an gaya masa wanda ya tsiro da kansa ne haramun, wanda mutum ya shuka da hannunsa ana iya cirewa. Na ce to ga ta nan, ya cire. Bai cire ba. Ya nemi leburori, kowa ya ji ɗanyar bishiya ce sai ya ce yana da aiki a wani wuri. Shi kansa mai wuƙa ne, amma bai taɓa kusantarta da ita ba.

Maganar ta kai gaban dattijon da ke sasanta Hausawan unguwarmu, wanda duk muke kira Baba. Ya tsufa sosai, haƙoransa sun zube saura kaɗan, sai an riƙe shi yake hawa dutsen. Ya zo ya duba filin, ya duba bishiyar, ya saurari Yaya, ya saurare ni, ya sa aka tambayi matata ta taga.

“Shekara nawa tana nan?” ya tambaye ni.

“Ta kwana biyu, Baba.”

“Me ta taɓa ba ka?”

“Inuwa.”

“Inuwa ko buhu ka rataya zai ba ka,” in ji Yaya.

Baba ya ce shi ba malami ba ne, ba zai shiga maganar halal da haram ba. Abin da ya sani tun daga gida, itacen da ke ciyar da mutum ba a kashe shi don ɗaki, kuma ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta mai shukar ce. Amma itacen da ba ya ba da komai ba zai hana yaro aure ba. Ya ce gini dai sai bayan aikin Hajji ake yi, in kowa ya dawo daga Mina da ɗan abin hannu. In har lokacin bishiyar ta ba da abin da mutum zai sa a baki, fili ya zauna yadda yake. In ba ta ba da ba, ni da na shuka ta ni zan tone ta da hannuna, Yaya ya yi ɗakinsa.

Ana saura kaɗan a shiga azumi aka yi wannan zama. A shekarun nan azumi ya komo cikin sanyi. Na ƙara mata ruwa, na ƙara taki, na tsaya ina kallon rassan kamar in na ƙura musu ido za su ji kunya. Babu abin da ya canza.

A farkon azumin, wata rana matata ta bi matan unguwa zuwa Harami sallar la'asar, ni kuma ina can ina raba ruwan buɗe-baki. Na dawo gab da magariba. Gwangwanin da na kare ƙofar shingen da shi yana kwance a ƙasa. Akuyar gidan Yaya, wata baƙa mai dogon wuya, tana tsaye da ƙafafun gaba a jikin bishiyar, ta lanƙwaso rassan, ta gama da su. Abin da ba ta kai ba shi ne 'yan ganye a can ƙoli. Har ɓawon gindin ta ɗan ɗanɗana. Ta dube ni tana tauna.

Wa ya kwance ta, wa ya ture gwangwanin, ban gani ba, ba zan ce ba. Akuya na iya kwance kanta. Na kama ta a kunne na mayar da ita gidansu, na ɗaure, na dawo na sha ruwa da dabino. 'Yan ganyen da suka rage a sama, haushi ya sa na miƙa hannu na tsige su na watsar. Na ce in za ta zama sanda ta zama gaba ɗaya.

Washegari Yaya ya leƙo. Ya yi salati, ya ce wallahi bai san an bar ta a sake ba. Ya ce amma tunda abin ya zo da haka, ai ba sai an jira Hajji ba. Na ɗauki farce na kankare reshe, na nuna masa kore a ciki. Na ce Baba bayan Hajji ya ce. Bai yi musu ba, amma kafin sati ya ƙare jakuna sun fara sauke masa duwatsun gini a bakin filin. Matata ta matsar da murhunta don su samu wuri.

Na daina ɗauko mata kayan ruwan nan. Ina azumi, ga gajiya, ban ga dalilin hawa dutse da ruwa don sanda ba. Ruwan alwalar matata ne kawai ke sauka a gindin, don ita ba ta sauya wurin alwalarta ba. Sanyin shekarar ya ɗan fi na kullum, har muka nemi bargo da asuba, aka kuma yi ruwan sama sau ɗaya wanda ya gangaro da sharar dutse cikin lunguna. Bishiyar ta tsaya tsirara duk tsawon watan. Ban ko kalle ta ba.

Bayan Sallah da 'yan kwanaki, ina ɗaura gwangwanaye zan fita, matata ta ce, “Malam, zo ka ga wani abu.”

Idanun rassan sun kumbura. Na ce ganye ne zai dawo, ba shi muke nema ba. Ta ce waɗannan sun fi na ganye ƙiba, ita da take zaune da ita kullum ta sani. Ban tsaya ba, masu ruwa na jira. Kwana kaɗan suka fashe. Fure ne, fari da ɗan ja-ja a baki, a dunƙule a dunƙule, a jikin rassan da ko ganye ba su gama fitarwa ba. Ban san ko barcin da tsohon Ɗa'ifa ya faɗa ke nan ba. Abin da na sani, shekarun da na yi ina tsare mata ganye ba ta ba ni komai ba, akuya ta tuɓe ta a yini ɗaya ta yi fure.

Matan unguwa suka riƙa shigowa kallo. Yaya ya leƙo sau ɗaya ya ce, “Fure ba a cinsa,” ya koma. Nan ma gaskiya ya faɗa. Na koma ɗauko ruwa, kaya biyu yanzu. Na gyara shingen, na ɗaure ƙofar da waya. Wasu 'yan ƙananan ƙudan zuma suka zo, ban san daga ina ba. Yawancin furen ya zube. Wanda ya kama ya zama 'yan ƙulli kore kamar ƙwayar gyaɗa. Su ma kullum da safe sai na tsinci wasu a ƙasa, don zafi ya fara dawowa.

Sai aikin Hajji ya zo. Kwanakin Mina su ne abincin shekara ga irinmu, ɗaukar ruwa zuwa tantuna da dakon kayan alhazai. Ba abin da za a bari ba ne don bishiya. Kafin in tafi na cika randa, na cika tukwane, na cika duk abin da ke riƙe ruwa a ɗakin. Na san ba zai isa ba. A kwanakin nan bazan ɗin unguwa layi ne har bakin titi, masu ɗauka kuma duk muna Mina, matata kuwa ko rabin gwangwani ba ta iya hawa da shi.

Na dawo ƙafafuna a kumbure. Kafin in shiga ɗaki na leƙa filin. Bishiyar na nan da ganyenta, an ɗaɗɗaure mata tsummoki a rassa kamar mai ciwo. Matata ce ta yayyaga tsohon zane ta naɗe 'ya'yan da suka rage saboda rana da tsuntsaye. Yawansu bai kai yatsun hannu ɗaya ba. Na tambaye ta yadda ta yi da ruwa. Ta ce wanka ta rage. Ta ce da randa ta ƙare Yaya ya aiko da gwangwani biyu, ya ce a gaya mata na sha ne, ba na itace ba.

“Kika yi yaya?”

“Na sha kofi ɗaya, don kada in yi masa ƙarya.”

Yaya bai matsa ba har sabon wata ya kama, alhazai suka watse. Sannan ya ce magina sun samu sarari, a kira Baba. Na so a ƙara ko sati biyu ne, don 'ya'yan ba su gama nuna ba, amma ɗaya ta sake faɗowa a daren da ya gabata, na ga jira ba lallai ya taimake ni ba.

Aka hau da Baba bayan la'asar. Ya zauna a tabarma ya jingina da tarin duwatsun Yaya, yana haki. Matata na ɗaki, a bakin taga. Na kwance tsumma ɗaya, na tsinko wadda ta fi girma. Ba ta kai ƙwan kaza ba. Koriya ce, gefe ɗaya ya fara yin fari, ɗaya gefen rana ta ƙona shi. Na sa ta a hannun Baba. Ya jujjuya ta, ya shinshina.

“Wannan ce tuffar?”

“Ita ce, Baba.”

“Wadda nake gani a kasuwa ba haka take ba.”

“Waccan kallo ce, wannan ta ci ce.”

Ya ce shi ba shi da haƙorin gatsa, a kawo wuƙa. Ba ni da wuƙa a kusa. Yaya ne ya zaro tasa ta tsire, ya goge a riga, ya karɓi tuffar ya yanka ta huɗu, sirara, yadda yake yanka nama. Baba ya ɗauki ɗaya ya sa a baki yana mamula da dasashi. Ya daɗe. Fuskarsa ta tattare. Na ci nawa. Tsami ne a gaba, zaƙin yana can baya bai ƙaraso ba, amma tuffa ce, ba wani abu ba.

Baba ya nuna Yaya da haɓa. “Kai ma ci.”

Yaya ya jefa nasa a baki, ya tauna, ya yamutsa fuska. “Haba Baba. Wannan ai goruba ta fi ta. Don wannan za a ce yaro ya je ya fasa dutse?”

“Ina take?”

“Me?”

“Wadda ka sa a baki.”

“Na haɗiye.”

“To, ana ci,” in ji Baba.

Yaya ya buɗe baki zai yi magana, Baba ya ɗaga hannu. Ya ce bai ce tana da daɗi ba, shi ma bai ji daɗinta ba, kuma ba a kan daɗi aka yi magana ba. Fili ya zauna. Ɗakin yaro a yi shi a sama, bayan gidan ubansa. Sannan ya juyo kaina. Ya ce tunda ina da ƙarfin hawa dutse da ruwa don itace shekara da shekaru, ina da ƙarfin hawa da shi don ɗan yayan matata. Duk ruwan da ginin zai ci, daga kwaɓa ƙasa har shafe, a wuyana yake, kuma ba za a biya ni ba. Na ce na ji. Yaya ya mayar da wuƙarsa kube, ya tsaya yana kallon duwatsunsa, waɗanda yanzu sai an sake ɗaukar su zuwa sama.

Yanki na huɗu na miƙa wa matata ta taga. Ta ci a hankali, ta gefen da haƙorin ba ya ciwo.

“Yaya kika ji?” na ce.

“Ta gidan Balaraben nan ta fi.”

“Na sani.”

“A bar sauran su nuna tukuna,” in ji ta. Ta fito ta mayar da murhunta inda yake da.

Yaya ya riƙe Baba ya sauka da shi. Bai yi mini sallama ba, amma da magariba ya aiko wa ƙanwarsa tsire a takarda kamar yadda ya saba.

Da safe, kafin rana ta fito sosai, na zaɓi duwatsu masu faɗi daga tarin Yaya na kewaye gindin bishiyar da su, don gwangwanayen sun yi tsatsa. Ban tambaye shi ba. Sannan na ɗauki sanda da gwangwanaye na gangara bazan. Kayan farko na hau da shi bayan gidan Yaya, inda magina suka fara fasa dutse, na juye musu a ganga. Na biyu na zuba wa tuffar. Daga nan na tafi gidajen masu biya.